Abin da Zalɓe Yake Nema

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da fatan sanyin can ya sarara wa gwiwarki. Mu ma nan muna lafiya, gwargwadon hali.

Bayan haka, ina sanar da ke a hukumance cewa ranar Talatar da ta wuce, a ɗakin malamai, yayanki mai furfura a gemu, wanda ya karanta littattafan da ko marubutansu sun manta da su, ya zauna yana neman katun a waya. Malamar lissafi ta leƙo ta kafaɗata, ta tambaye ni ko lafiya a gida. Ke kika jawo mini wannan zubewar mutunci, don haka ki ɗauki rabonki.

Na saurari saƙonki na murya, duk tsawonsa. Kin ce a nemo wa Babban Yaya shirin nan na Zalɓe mai fitila, ko zai sa ya buɗe baki. Auta, wanda ɓarin jikinsa ya shanye magani yake buƙata da gashin ƙashi, ba tsuntsu mai dogon wuya ba. Amma auta ba a ce mata a'a, tun muna yara haka aka zalunce mu.

Ga halin da ake ciki, ba ragi. Hannun ya fara dawowa, yana riƙe cokali. Bakin ne matsalar. Likitar da ke koya masa magana ta ce harshen zai iya, shi ne ya ƙi. Ranar da aka sallamo shi ya yi ƙoƙarin kiran matarsa, Anti, abin da ya fito daga bakinsa ya ji shi da kunnensa, tun daga nan ya rufe. Ta ce waɗannan watannin su ne damarsa, in ya bari suka wuce, mai yiwuwa haka zai zauna. Ki duba fa, mai askin da mutane ke zuwa shagonsa da kai a aske, don kawai su ji hira. Yanzu yana ɗakin gaba, fuska a taga, Anti na yi masa tambaya tana ba kanta amsa.

Na tuna talabijin ɗin Baba, wadda maɓallinta ya ɓace sai da filaya ake canza tasha. Ni da ke a tabarma, Yaya a tsaye gefen akwatin yana fassara, don ya shiga sakandare kuma wai yana jin harshen masu shirin. Zalɓe ya zo da fitilarsa, Yaya ya toshe hanci: "Sannu kwaɗo, ko ka ga mahaifiyata?" Sai ya kumbura kumatu: "Jiya ta wuce ta nan, lafiyarta ƙalau, har ta yi ƙiba." Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma saboda tsayuwar nan tasa na koyi harshen, ga shi yau da shi nake cin abinci.

Ban samu shirin ba tukuna, don ba mu san sunansa na gaskiya ba. Zan ci gaba da zubar da girmana.

A gaida mutanen gidan.

Naki,
Ƙaramin Yaya

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya, da fatan tarin ƙaramar yarinyar ya yi sauƙi.

An samu Zalɓe. Wani bawan Allah da ba shi da aikin yi ya ɗora shirin gaba ɗaya, hoton duk ya koɗe. Na rufe ƙofar ofis na kalla. Da kiɗan farko ya tashi sai na ji kamar ƙanshin talabijin ɗin in ta yi zafi. Sannan Zalɓe ya buɗe baki, kuma a karon farko a rayuwata na ji abin da yake cewa.

Auta, ki zauna. Takalminsa yake nema. Ƙafa ɗaya ta ɓace masa, shi ke nan labarin. Yana tambayar kwaɗo, kwaɗo ya ce bai gani ba, amma ga ganye kore, yara ku ce kore. Shirin koya wa yara launuka ne. Babu uwa a ciki, babu wadda ta wuce jiya, balle ƙiba. Duk hawayen da kika zubar a tabarmar nan a kan takalmi ne. Babban Yaya bai ji ko kalma ɗaya ba, shara mana ita ya yi ta yi, mu kuma muna buɗe da baki.

Na yi dariya har na share ido, kuma na ɗauka shi ma zai yi. Kin san yadda muke da shi, ba ya gaishe ni sai ya ce "Farfesa, yau wane littafi ya hana ka aski?" Da yamma na je gidan, na jingina wayar da kwalbar ruwa a kan teburin maganinsa, na kunna. Wallahi ya juyo daga tagar. Idonsa ya tsaya a kan tsuntsun, yatsun hannun mai lafiyar suna bin kiɗan a kan bargo. Anti ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu, ba ta ko motsi.

Sai ni kuma na fara fassara, ta gaskiyar. Na ce, "Yaya, an kama ka yau. Ashe duk zamanin nan ba ka jin komai, takalmi bawan Allah yake nema." Na ƙara da cewa in ya warke zan ɗauke shi a aji ɗaya, kujerar gaba.

Yatsun suka tsaya. Ya miƙa hannu ya kifa wayar, a hankali, ba da fushi ba, ya mayar da fuskarsa bango. Ba taga ba ma, bango.

Washegari likitar ta zo, ya ƙi ko kallonta. Abincin ma sai an yi da gaske. Anti ta raka ni ƙofa ta ce, "Malam, kai da kake da baki ka yi amfani da shi, mun gani, mun gode." Tun da ta shigo gidanmu ba ta taɓa ce mini Malam ba.

Ni dai ban ga laifin da na yi ba. Gaskiya na faɗa, cikin wasa, kuma shi ya koya mini irin wasan. Ina maimaita wa kaina haka a hanyar makaranta, ina maimaitawa a hanyar dawowa. Jiya na shiga aji na koyar da darasin da na riga na koyar, yaran suka bar ni har na kai ƙarshe.

Ki kira Anti, tana buƙatar mai magana da ita.

Naki,
Ƙaramin Yaya

Zuwa ga Autar Inna,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Ina fatan kin huce, ko da rabi ne.

Saƙonki ya iso, kuma wannan karon gajere ne, abin da ya fi tayar mini da hankali. Tambaya ɗaya kika yi: a wace shekara ake nuna Zalɓe? Ni da nake taƙama da riƙe shekarun yaƙe-yaƙen mutanen da ban sani ba, sai da na zauna kafin in amsa. Shekarar da aka kwantar da Inna ce. Ba a barin yara su shiga asibitin. Baba yana wucewa can daga wurin aiki, ke kuma da rana ta yi sanyi sai ki tsaya a bakin ƙofa kina kuka, ba mai iya ɗaga ki sai in kiɗan nan ya tashi. Yaya kaɗai aka taɓa kaiwa ya gan ta. Ya san yadda ta koma, ya dawo ya tsaya gefen akwati yana kumbura kumatu yana ce mana ta yi ƙiba. Na riƙe muryar kwaɗo a kaina duk shekarun nan, ban taɓa haɗa ta da wannan ba.

Na koma gidan. Anti ta buɗe mini ƙofa. Yaya ya rame, Auta, gemunsa ya yi buzu-buzu, mutumin da ba ya iya ganin gashi ɗaya ya fita layi a fuskar wani. Na zauna a gefen gadon. Ba da haƙuri ba fannina ba ne, sai na yi shi kamar lacca. Na ce rashin jin harshen ba abin kunya ba ne, shi ma yaro ne a lokacin, ko ni da aka ba ni takardar shaida sai da na sha wuya, kuma abin da ya ƙirƙiro a cikin rashin sani ya fi na masu shirin. Ina jin kaina ina magana, ina jin yadda nake ƙara ɓata abin, amma na kasa tsayawa.

Ya juyo. Ya nuna aljihuna. Na fito da wayar na kunna, ya sa yatsa ya dangwala a kan hoton, daidai ƙafar tsuntsun. Ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Haka yake tafe tun daga kashi na farko, yana ɗingishi, yana haska ƙasa da fitila. Ba sai an je sakandare ba.

Leɓensa ya yi ta rawa. Gefen bakin ya ja, yawu ya zubo, na kai hannu zan goge ya ture ni. Ya daɗe yana kokawa da abin, har jijiyar wuyansa ta tashi. Sannan ya ce, "Takalmi." Ya huta. Ya ce, "Na sani."

Kalmomin sun fito a karkace, da nauyi, amma Anti ta ji su daga kicin. Ta zo da gudu hannunta duk kumfa, ta durƙusa tana cewa ya sake faɗa, ko zagi ne ya yi. Bai sake ba. Ya lumshe ido kamar wanda ya sauke buhu.

Kada ki yi murna da yawa. Tun ranar bai ƙara cewa komai ba. Likitar ta ce alama ce mai kyau, amma ba ta yi mana alkawari ba, kuma watannin suna tafiya. Abin da ya canza shi ne jiya da ta zo bai juya mata baya ba. Ni kuwa har yanzu in na shiga ba ya kallona sosai, kuma ban san ko Farfesa zai sake fitowa daga bakin nan ba.

Na rubuta miki cewa Yaya bai ji komai a shirin ba. Ki soke wannan layin. Ni ne ban ji ba.

A gaida yara.

Naki,
Ƙaramin Yaya