Waƙar Wanka Da Ta Ɓace Mini

Assalamu alaikum Inna, bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki.

Takwararki ta iso lafiya. A nan unguwar Pantai Dalam, ƙasar da na zo karatu, nake mata wanka cikin robar wanka, ita da kika ce za ki zo ki raina. Ba ki zo ba, ni ce nake tsugune ni kaɗai.

Abin da ke damuna, Inna, waƙar nan ce da kike yi wa kowane jariri na gidanmu in kin ɗora shi a ƙafa kina zuba ruwa. Kalmomin suna kaina, amma karin ya gudu. Na roƙi Goggo Asabe ta rera mini a waya, na roƙi Yaya Binta. Kowacce da nata karin, kowacce tana rantsuwa nata ne naki. Na yi kuka sosai ranar.

Maƙwabciyata, 'yar nan ƙasar ce mai koyar da kiɗa a jami'a, ta ja ni wani ɗan taro. Ƙaramin ɗaki ne, masu goge na Turawa da mace ɗaya tana waƙa. Na san da kina nan sai kin ce, wato karatun da aka turo ni yi ke nan?

Kafin su fara, mawaƙiyar ta yi bayani. Wai mutanen Italiya, shekaru ɗari huɗu baya, sun karanta cewa waƙar Girkawan dā tana sa mutum hawaye. Amma babu wanda ya taɓa jin ta, labarinta kawai suka samu a littattafai. Sai suka zauna a ɗakunansu suna kintace: murya ɗaya, kiɗa kaɗan a ƙarƙashinta. Ta ce da wuya in sun dace da ainihin, amma ga shi har yau ana saurare.

Ban gane ko kalma ɗaya ta waƙar ba, Inna, amma sai da na goge ido da mayafi.

Washegari na haɗa ruwan ɗumi. Na ɗauki farkon Goggo, na ɗauki ƙarshen Yaya Binta, tsakiyar na cike da nawa. Na tuna yadda kike cewa, "Ke dai rera, jariri ba ya zaɓen murya."

Ba haka kike yi ba, na sani. Amma ta daina kuka, ta zuba mini ido har na gama. In ta girma za ta rantse wannan ne naki, ni kuma ba zan musa mata ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki.

Taki har kullum,
Auta