Taga a Kan Takarda

Litinin, 3 ga Maris
An sauke bulo a bayan gida. Baba ya ce ɗakina za a gina, na yi girman kwana da ƙannena. Amma sai an samo izinin gini tukuna. Na ce ni dai taga nake so, babba, wadda zan zauna a bakinta in yi karatu. Ya yi dariya: "Ke da littattafan soyayyar nan naki."

Laraba, 12 ga Maris
Na raka Baba ofishin tsara gari, tunda idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Benci mai rawa, fanka mai kuka, takardu jibge har ƙasa. Ma'aikacin da ya karɓi zanen gininmu dogo ne, da agogon azurfa, sak jarumin littafin da nake karantawa. Ya ce, "Ƙanwata, miƙo." Na kasa ɗaga kai.

Alhamis, 13 ga Maris
Da a littafi ne, da tuni ya tambayi sunana.

Talata, 1 ga Afrilu
Mai agogo ya bi zanen da jan biro. Dole a bar rata tsakaninmu da katangar maƙwabci, ɗakin ya tsuke. Kuma tunda tagar gidansa take kallo, sai maƙwabcin ya sa hannu. Babu inda za a mayar da ita: bango ɗaya jikin kicin, ɗaya jikin banɗaki, ɗaya ƙofa. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, taga ce fa, ba hanya ba." Mai agogo ya ce, "Baba, haka dokar take," yana latsa waya.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Maƙwabci ya ƙi. Ashe tun daminar da indararonmu ya kashe masa 'yan tsaki yake riƙe da mu. Ta kan katanga na jiyo shi: "Ruwanku ya shigo min, yanzu kuma idanunku?" Umma ta ce a je a ba shi haƙuri. Baba ya ce ba zai durƙusa wa ƙato a kan kaji ba. Ni ba wanda ya waiwaye ni.

Litinin, 5 ga Mayu
Izini ya fito, da hatimi. Sun shafe tagar da farin ruwan goge rubutu. Mai agogo ya ce ɗakin da babu taga ba a yarda a kwana a ciki ba, don haka sito suka rubuta. Sai na ji bakina ya ce, "To wa ya goge tagar?" Karon farko ke nan da ya dube ni. "Ƙanwata, akwai mutane a bayanku."
Agogon ma tsaye yake. Na gani.

Asabar, 24 ga Mayu
An gama. Buhuna da tsohon keken ɗinkin Umma sun samu ɗaki. Auta har yanzu harbina take yi cikin barci.
Na ba ƙawata littafin ban ƙarasa ba, na san dai za su yi aure. Zanen ne yanzu a ƙarƙashin filona. In na ɗaga shi ga haske, tagar tana nan.
Ɗazu na tambayi magini yadda ake karanta lambobin gefen zane, kuma ban sunkuyar da kai ba. Ba don komai ba ne.