Kayan Aro a Asibitin Bakin Hanya

Nassarawa G.R.A., Kano,
14 ga Yuli, 2003.

Zuwa ga Yaya Hafsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya haƙuri, ya takaba? Ya ciwon ƙafar nan taki? Allah Ya jiƙan Malam Ɗahiru, Ya raya abin da ya bari.

Saƙonki ya iso ta hannun ƙanwarmu Binta, cewa in rubuta takardar godiya ga ma'aikatan asibitin da aka fara kai mijinki, tunda ni ne na ma'aikatar lafiya. Sati uku ke nan na kasa. Kin kuma ce kin ga ina gudun ido da ke tun ranar sadakar uku. Ba ki yi ƙarya ba, Yaya, kunya ce.

Kin san aikina. Tun da farar hula suka hau, gwamnati ta ware kuɗi don sassan haɗari na asibitocin bakin manyan hanyoyi, amma sai wanda muka duba muka sa wa hannu ake ba. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda ake duban. Asibitocin nan aron kaya suke yi wa juna. In za mu je na farko ran Litinin, sai a tara masa tukwanen oksijin da janareto da motar ɗaukar marasa lafiya. Muna juya baya a loda komai a motar, a kai wa na gaba. Kaya ɗaya ne yake riga mu zuwa ko'ina, kamar tabarmin biki.

Na sani sarai. Akwai wata tukunya mai lotsattsen wuya, har gaishe ta nake yi a raina in mun haɗu. Nakan ce wa kaina in na kayar da su za a hana su kuɗin gaba ɗaya, talaka ne zai sha wuya. Da wannan nake barci, ni da na tsaya a sahun gaba ranar ƙaddamar da shari'a ina kabbara har muryata ta dishe.

Ran Litinin, ana gobe haɗarin, ni na duba asibitin da aka fara kai Malam, na rubuta cewa komai ya cika. Ran Talata da hantsi, lokacin da motar Malam ta ƙwace, sitiyari ya daki ƙirjinsa, kayan suna gabana a asibiti na gaba, ina bin su da biro. Likitan da ya karɓe shi ya faɗa mini da bakinsa daga baya cewa numfashi kawai Malam yake nema, ba su da abin da za su sa masa, ba su da motar da za ta kawo shi Kano. Shi ya sa aka ɗauko shi a bayan akori-kura. Sa'ad da ya cika a hanya, ni an ajiye mini shinkafa da kaza a ofishin shugaban asibiti, kuma wallahi na ci.

Na san kwana ba ya wuce ranarsa, kowa ya faɗa mini. Amma hannun da ke kan takardar duban nan nawa ne. Mutumin da ya riƙe ni a gidansa shekara biyar ina makaranta, bai taɓa ɗaga mini murya ba!

Na rubuta sabon rahoto na tona maganar aron kayan, da sunana a ƙasa, na miƙa ran Alhamis ɗin da ta wuce. Abokan aiki sun daina amsa sallamata, wani ma ya ce in fara neman gona. Wannan bai dame ni ba kamar ke.

Takardar godiya kuwa, ki yafe mini ita. Zan zo ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in tsaya a soro. In ba ki son ganina, ki sa a ce mini kina barci, zan gane.

Ki gaida Luba da sauran mutanen gida.

Ƙaninki,
Aƙilu