Jar Fitilar Ɗakin Tiyata

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan kowa ƙalau, in ban da Inna da har yanzu take rigima da gwiwarta.

Ina mai sanar da ke, a madadin dukan dangi, cewa ranar Talatar da ta wuce Kawu Saje ya zura zare a allura da kansa. An yi abin a gaban shaidu, ya kuma ɗinke maɓallin rigarsa, duk da cewa maɓallin bai tsinke ba.

Kin san yanar da ta rufe masa ido. Likita ya ce in ba a yi aiki da wuri ba, to, ɗan ganin da ya rage ma tafiya zai yi. Ni na kai shi asibiti. Mutumin nan da ya cika mana kunne tun muna yara da labarin yadda yake dirowa daga jirgin sama da lema ta cikin gajimare lokacin yana soja, aka sa masa rigar tiyata, aka kama hannunsa har bakin ƙofa, sai ya toge. Fuskar mutum ba ya gane ta, amma jar fitilar da ke saman ƙofar ya gan ta sarai. Ya ce shi a aikinsu ba a ƙetare ƙofa fitila tana ja, sai ta koma koriya. Nas ta ce wannan ba ta da koriya, alama ce kawai ana aiki a ciki. Ya ce to su gyara abinsu, zai dawo. Na yi masa bayani, har da abin da na karanta a littafi. Ya tambaye ni ko marubucin ya taɓa dirowa daga jirgi. Haka muka dawo gida da idonmu yadda muka tafi da shi.

Inna ce ta ce a kira Mai Ƙofa, abokin nan nasa mai sanƙo wanda yake tsayawa bakin ƙofar jirgi yana sallamar sojoji ɗaya bayan ɗaya. Ni na ƙi. Na ce in suka haɗu ba abin da za a ji sai zancen Akwala, wannan jirgin nasu mai inji ɗaya da yake ɗaukar buhuna da wasiƙu da marasa lafiya, in wuri ya rage a cusa sojoji. Na ji labarin nan har na iya shi: yadda ruwan sama yake ɗiga a kan direban, da yadda ƙararsa ta sa duk sun zama masu magana da ihu. Inna ta saurare ni tsaf, sannan ta aika aka kira shi.

Ranar da muka koma, Mai Ƙofa bai yi wa Kawu lallashi ko kaɗan ba. Juya shi ya yi, ya bi igiyoyin bayan rigar tiyatar yana ja yana dubawa, kamar yadda suke duba wa juna lema, ya ce wanda ya ɗaura wannan kisan kai ya yi niyya. Ni na ɗaura. Ya kwance ya sake, sannan ya tambayi Kawu, da muryar da ta tada mai gadi daga gyangyaɗi, tun yaushe koriyar fitilar Akwala ta taɓa kamawa. Kawu ya ce gaskiya ba ta cika kamawa ba, hannun Mai Ƙofa suke jira a kafaɗa. Ya haɗa ƙafafunsa, ya roƙi arziki kada a tura shi, zai fita da kansa. Ni dai na kau da kai, ƙanwata. Mai Ƙofa ya daka masa duka a kafaɗa, ya kuma tura shi. Daga baya ya gaya mini haka yake roƙo kullum a bakin ƙofar Akwala, haka kuma yake tura shi kullum.

Da aka cire bandejin, Mai Ƙofa ne a gabansa. Kawu ya ƙura masa ido, ya ce ashe haka ya tsufa ya lalace ba wanda ya gaya masa. Mai Ƙofa ya ce a kawo madubi.

Ki gaida maigidan, da 'yan biyu, da Auta. Inna da yayarki suna gaishe ki, Kawu ma ya ce ki aiko da hoton yara, yanzu yana da abin kallo.

Ni na ce kada a kira mutumin nan, ban kuwa yi daidai ba. Amma ba sai Inna ta ji ba.

Yayanki.