Tsakuwa a Cikin Shatil

Illela, Lahadi.

Zuwa ga Kawu Jibril,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya kai da Inna Tayyiba. Ya gwiwa? Na kira ka a waya har na gaji, ni ina ihu kai kana "mi kika ce?", shi ya sa na koma takarda. Lawwali direba zai riƙa kai maka, tun da kullum yana hanyar Sakkwato.

Kawu, rigima na jawo wa kaina. Makarantarmu ta 'yan mata ta ɗora mini wasanni, ni da ban san komai ba sai lissafi. A ɗakin ajiya na tarar da wasu raket guda biyu duk sun lanƙwashe, da tsohuwar raga, sai na ce wa yara to ga badminton. Cikinsu akwai Iklima, 'yar Malam Jaɓɓo, Bafulatanin nan na wajen Kalmalo. Wallahi Kawu ban taɓa ganin hannu irin na yarinyar nan ba.

Ga inda maganar take. Bayan ƙaramar salla za a yi gwaji a Sakkwato, waɗanda aka zaɓa za a ba su gurbi a makarantar kwana. Su Malam Jaɓɓo kuwa za su tashi da shanu su yi arewa da zarar ruwa ya sauka, kuma ya ce ba zai bar 'yarsa babu wurin kwana ba. In ba a ɗauke ta ba, karatunta ya ƙare ke nan.

Iyayen yara sun yarda a sayi kaya. Na ƙudura in saya mata mafi tsada: raket ɗin kabon mara nauyi, da shatil, wato ƙwallon wasan, na gashin tsuntsu irin wanda manya ke bugawa. Kai da ka yi shekaru kana koyar da wasan nan, wanne zan ɗauka?

Ɗiyarka,
Zuhura.

Sakkwato, Laraba.

Zuhura ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana mulkinta. Innarki na gaishe ki.

Ke dai ba ki canza ba. Tun kina ƙarama in anka aike ki kasuwa sai kin ɗauko abin da ya fi ƙyalli. Kin tambaye ni wanne ya fi tsada, ba ki gaya mini inda kuke wasa ba. Fili ne ko ɗaki? Ƙasa ce ko siminti?

In fili ne, kada ki kuskura ki sa wa yara shatil na gashi. Gashin dinya ne, abu ne mai shagwaɓa, bugu kaɗan na ɗan koyo ya karye. Sayi na roba, shi ka jure duka. Raket kuwa, 'yan koyo na alminiyam ya dace da su, don za su buga shi da ƙasa, su buga shi da junansu. Kuma kada a ɗaure zarensa tam. Zare mai tauri na wanda hannunsa ya nuna ne. Yaro in ya riƙe shi, shatil ba ya zuwa ko'ina, sai gwiwar hannu ta yi ciwo. Ita Iklima ki sama mata na kabon guda, matsakaici, wanda mariƙinsa ya cika mata tafi ba tare da ta matse ba. Ki kai ta shagon ta riƙa da kanta, kada ki auna da hannunki.

Amma wani abu ya hana ni sakat. Na san Illela, na san iskarta, ko hula ba ta bari a kan mutum. Shatil kuwa ko atishawa kika yi kusa da shi sai ya karkace. Ta yaya kuke wasa a wagga iska har kika gane yarinya tana da hannu? Ki ba ni amsa, don tun da takardarki ta zo nake juya abin.

Kawunki,
Jibril.

Illela, Asabar.

Kawu,

Barka da shan ruwa. Na karɓi faɗan, na gode. An sayo na roba da na alminiyam, Iklima kuma ta zaɓi nata da hannunta a wani shago na bakin iyaka. Mai shagon sai turo mana ja yake yi wai shi 'yan Ƙonni ke so, ta ƙi.

Maganar iska kuwa, ai mun daɗe da maganinta! Yaran ne suka gano. Sukan sami 'yar tsakuwa, su tauna cingam su manne ta a cikin gindin shatil. Da ya yi nauyi shi ke nan, sai ya tafi ɗoɗar, iska ba ta iya masa. Na yaba musu ƙwarai, har na ce wannan dabara ya kamata a kai ta birni.

Duk da haka iskar takan ɗan ja shi, kuma a nan ne Iklima ta fi kowa. Kafin ta fara bugu sai ta tsaya, ta ɗaga gefen hijabinta da yatsa biyu ta sake shi, ta ga inda ya kaɗa. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce, "Malama, haka Inna take yi kafin ta sheƙa gero, don kada ƙaiƙayi ya dawo mata a fuska." Na yi dariya har da riƙe ciki.

To Kawu, ka ga dai ba mu zauna ba. Saura takalmi. Babu takalmi take wasa, ta ce kambas yana riƙe mata ƙafa.

Ɗiyarka,
Zuhura.

Sakkwato, Litinin.

Zuhura,

Innalillahi! Tsakuwa! Sai da na cire tabarau na goge na sake karantawa. Wai har a kai birni!

Saurara da kyau. A ɗakin gwaji shatil na gashi za a ba Iklima. Shi yana tashi da gudu, sannan ya tsaya cak a sama ya sauko kamar an sake shi. Naku mai tsakuwa ko ɗan taɓi ya isa ya kai shi ƙarshen fili. Ma'ana yarinyar nan ba ta taɓa buga cikakken bugu ba. In ta shiga haka, duk abin da ta ɗaga tsakiyar fili zai faɗi, abokiyar wasanta ta yi ta sauke mata shi a fuska.

Ba laifin yara ba ne, sun yi abin da filinsu ya nema. Amma yanzu ki nemo ɗaki mai dogon rufi wanda iska ba ta shiga, ko ina ne. Ga kwali guda na shatil na gashi na ba Lawwali, cikin ajiyata ne. Takalmi dole ne, mai ƙasan roba ruwan zuma, ba a barin kowa ya hau wurin ba shi. Ta fara sa shi tun yau, ko wanke-wanke za ta yi.

Kawunki.

Illela, Juma'a.

Kawu,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Gaskiyarka. Ranar da Iklima ta fara buga na gashin, kuka ne kawai ba ta yi ba. Ta ɗaga ya faɗi gabanta, ta sake ya faɗi, ta juyo ta ce, "Malama, wannan abin ba shi da lafiya." Ni kuwa kunya ta kama ni, don ni na tafa wa tsakuwar.

Alhaji Sahabi mai albasa ya ara mana sitonsa, ya kwashe kaya ya yi kudu da su. Rufin yana da tsawo, ƙasan siminti ne, sai dai in ka shiga idonka ya yi ta ruwa. Yanzu duk inda muka wuce an san 'yan badminton ne saboda warin albasa. A hankali bugunta ya fara kai wa bango.

Shatil ɗinka sun yi ta karyewa saboda zafi, sai da na ga rubutunka a jikin kwalin cewa gashi yana son laima. Yanzu a gindin randa suke kwana, naɗe da jiƙaƙƙen tsumma.

Abin da ya dame ni shi ne, ranar gwajin ta faɗo cikin jarrabawa, shugabar makaranta ta ce ba inda za ni. Mero, mahaifiyar Iklima, ita za ta rako ta, kuma ba ta san Sakkwato ba. Na san tun da gwiwa ta zaunar da kai ka ce ba ka ƙara taka ɗakin wasan nan. Ina roƙonka, Kawu, ka raka su. Tsoro nake ji, hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Ɗiyarka,
Zuhura.

Sakkwato, Lahadi.

Zuhura ɗiyata,

Bayan gaisuwa. Baƙinki sun sauka lafiya, Innarki ta karɓe su. Na je, da sandata, kuma kada ki ƙara tambayata yadda na ji da na shaƙi ƙamshin wurin.

Wasan farko Iklima ta sha kashi. Fitilu sun ruɗe ta, takalmin yana ƙara tana waiwayensa. Na biyu ta ci da ƙyar. Na uku shi ne na raba gardama, da wata 'yar birni da ta fi ta komai: tsawo, ƙafa, raket. Zafi ya yi yawa, sai anka buɗe ƙofar baya.

Iklima ta zo za ta fara, sai ta tsaya ta ɗaga gefen hijabi da yatsa biyu ta saki. 'Yan kallo sunka fashe da dariya, wani ya ce ta ɗauka bakin tafki take. Ni ma na sunkuyar da kai. Amma da na ɗago, wallahi na ga ƙyallen ya ɗan kaɗa hagu. Kaɗan ne, ni da na tsufa a ɗakin ban ji iskar ba. Daga nan duk wanda 'yar birnin ta ɗaga ta hagu, Iklima sai ta sauke raket ta tsaya tana kallonsa, ya je ya faɗi waje. Nata kuwa dama take karkatar da shi, iskar ta mayar mata da shi kan layi. Da anka sauya gefe ta sake gwada hijabin, wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mero tana gefena tana tambayata wa ke ci, ni kuwa na miƙe tsaye na manta da sanda.

An kira sunanta, Zuhura. Ta huɗu cikin huɗun da anka ɗauka.

Sauran magana tana wurin ubanta. Ki sanar da ni.

Kawunki,
Jibril.

Illela, Alhamis.

Kawu,

Ruwa ya sauka shekaranjiya. Jiya Malam Jaɓɓo ya zo da akwatin Iklima a bayan babur, ya ajiye a zaurenmu, ya ce amana, ta zauna wurina kafin ta tafi makarantar kwana. Ya bar maka kwalbar man shanu, ya ce ka riƙa shafa wa gwiwa.

Sun tashi da hantsi. Iklima ta raka su har bayan gari, ta dawo idonta jawur. Na tambaye ta ina tsohon shatil ɗin nan mai tsakuwa, don na so in aiko maka ka gani. Ta ce ta ba ƙannenta tare da lanƙwasassun raket ɗin, wai can inda za su iska ta fi ta Illela.

A gaida Inna Tayyiba.

Ɗiyarka,
Zuhura.