Kujerar Vernon

Tabor Creek, Nebraska
5 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga yayata Marlys,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fatan kina lafiya, kuma zafin Arizona ya sassauta wa gwiwoyinki. Mu nan lafiya lau. Arlen na gaishe ki, Tricia kuma ta ce a gaya miki haƙoranta na gaba biyu sun faɗi.

Nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Ƙanwar nan taki, wadda ko addu'a aka ba ta a coci sai muryarta ta yi rawa, ta tsaya takarar kujerar hukumar makaranta. Na san abin da za ki ce, maigidana Arlen ya riga ki faɗa.

Kin san kujerun biyar ne. Biyu na so a rufe makarantarmu a riƙa kwasar yara zuwa garin Wexford, biyu ba sa so. Ta biyar ce ake zaɓe a kanta bana, kuma duk inda ta karkata magana ta ƙare. Mai ita kuwa Vernon Sedlacek ne. E, Vernon ɗinmu, wanda gonarsa ke jingine da tamu, babban abokin ango a bikinmu, wanda ya riƙe Tricia ranar baftisma. Ya fito fili ya ce a rufe. Na zuba ido in ga namijin da zai kara da shi, kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa da na tuna 'yata Tricia za ta hau bas tun gari bai waye ba, ta dawo bayan faɗuwar rana, a kan hanyar nan da ƙanƙara ke kifar da manyan motoci, sai zuciya ta ɗebe ni na je na ba da sunana.

Ranar Alhamis aka yi zaman 'yan takara na farko a ɗakin wasannin makaranta, kuma na sha kunya. Mai riƙe agogo Misis Pokorny ce, wadda ta koya mana lissafi, har yau ba ta koyi murmushi ba. Dokarta ita ce kowa minti biyu, kuma ɗan takara ba ya yi wa ɗan takara magana, jama'a zai fuskanta. In lokaci ya kusa ta ɗaga kati rawaya, in ya cika ta ɗaga ja, ko a tsakiyar kalma kike. Vernon ya tashi a natse ya ce yara sun ragu, rufi na yoyo, tukunyar da ke ɗumama ginin ta girme shi, ya zauna da sauran lokacinsa. Ni kuwa na ɗauko labarin Mama da shekarun da ta yi tana dafa wa yara abinci a ginin nan. Ban kai ga bas ɗin ba sai ga jan kati.

"Lokaci, Jolene," in ji ta, kamar ina 'yar shekara bakwai.

Wani daga baya ya ce, "Ai ko a aji haka take, sai an kaɗa ƙararrawa take tuna amsa." Ɗaki ya kwashe da dariya. Da aka tashi Vernon ya kawo mini kofi da kolaci, burodin nan mai zaƙi, irin mai cuku da ya san ina so, ya ce nan gaba in fara da ƙarshen maganata, don tsohuwar ba ta da imani. Wannan kirkin nasa ya fi dariyar ƙona mini rai.

Akwai wata magana kuma. Gaylene mai gyaran gashi, wadda ta naɗa kanta shugabar yaƙin neman zaɓena, ta ce tun da sanyi ya fara ana ganin a-kori-kurar Vernon a bayan makaranta da asuba, yana shiga ta ƙofar baya. Ita dai ta yanke hukunci: auna ginin yake yi, don in an rufe ya saye shi da araha ya zuba masara. Tana so in faɗa a zaman ƙarshe. Abin da ya dame ni, Marlys, ni ma na taɓa ganin motar.

Ki sa ni a addu'a, ki kuma rubuto, ko da faɗa ne.

Taki ƙanwa,
Jolene


Tabor Creek
19 ga Oktoba, 1986

Yayata Marlys,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Taki ta iso, faɗan ma ya iso, na gode.

Kada hankalinki ya tashi, abin ya zo da sauƙi. Arlen ya faɗo daga tsanin rumbu ya karye a ƙugu. Yana asibitin Wexford, an yi masa aiki, likita ya ce zai taka amma ba bana ba. Ya faɗo ne masararmu na tsaye ko layi ɗaya ba a taɓa ba, rediyo kuma na ta faɗin dusar ƙanƙara na tafe. Kin san abin da wannan ke nufi, ke ma a gona kika tashi.

Jiya da safe ina wanke kwanuka na ji ƙasa na rugugi. Da na leƙa sai ga injinan girbi a jere tun daga kwanar coci, manyan motoci na biye, na Vernon a gaba. Ba wanda ya faɗa mini, ba wanda ya tambaye ni. Haka aka yi wa Baba shekarar da zuciyarsa ta buga, haka Arlen ya yi wa wasu, amma ban taɓa sanin nauyin abin ba sai da ya tsaya a ƙofata.

Kin san na kafa allunan takarata a gefen hanyar shiga gidanmu, hagu da dama. Injin Vernon ya fi hanyar faɗi. Ina kallo ta taga ya tsaya, ya sauko, ya tuge su ɗaya bayan ɗaya ya kwantar a kan ciyawa. Da yamma, bayan an share gonar tas an cika rumbunan, ya bi ya mayar da kowanne raminsa, har yana takawa da ƙafa don su tsaya daidai. Na shige ɗakin ajiya na yi kukana.

Mata sun kawo abinci har tebur ya rasa wurin cokali. Ana cikin ci wani dattijo ya ce, "To Jolene, allunan nan sai murhu ke nan ko?" Aka yi dariya, irin wadda ake yi ana satar kallon mutum. Vernon bai ɗago daga farantinsa ba.

Yau na je asibiti na ba Arlen labari. Da na gama sai ya ce in janye. Ya ce da wane ido zai kalli mutumin da ya kwashe masa amfanin shekara, alhali matarsa na neman tuge shi daga kujera. Tun aurenmu bai taɓa roƙona wani abu da irin muryar nan ba. Gaylene kuma ta tare ni a bakin coci ta ce girbin ma neman ƙuri'a ne, in ban fasa ƙwan motar nan ba na faɗi. Na kusa in kwaɗa mata jakata.

Gaskiya na shiga tsaka mai wuya. Baki ya ci, ido ya ji kunya, wannan haka yake. Amma makarantar ba tawa ba ce da zan biya alheri da ita. In na janye, Tricia da sauran yaran ne za su biya a kan hanyar Wexford. Ban janye ba, ban kuma gaya wa Arlen ban janye ba. Ina jin tsoro, yaya.

Ki gaida maƙwabciyarki mai kyanwoyi.

Taki,
Jolene


Tabor Creek
31 ga Oktoba, 1986

Marlys tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki? Arlen ya dawo gida, yana kwance a falo yana ba kowa umarni, ni kaɗai ce ba ya yi wa doguwar magana.

Jiya aka yi zaman ƙarshe. Ɗakin wasanni ya cika har ana tsaye a jikin bango, don kowa na so ya ga ko zan iya buɗe baki a gaban mutumin da ya girbe mini gona. Gaylene ta kama kujerar gaba. Ƙuri'a ta faɗa kaina, ni zan fara. Sai na ɗauki shawarar Vernon na fara da ƙarshen maganata.

Na ce duk wanda ya zo gonarmu ranar Asabar ɗin nan ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi. Na ce wanda bai yi karatu a ginin nan ba ya sauke nasa. Ba wanda ya sauke. A gefena na hango na Vernon ma a sama.

"Ba wanda ya kira ku," na ce. "Kun zo ne don a benci ɗaya kuka zauna da Arlen. In muka watsa yaran nan a garin da ba a san iyayensu ba, ranar da Tricia ta shiga irin halin da na shiga, wa zai zo?"

Sai ga kati rawaya. Gaylene ta ɗago hannuwa tana murza sitiyari a iska, tana yi mini ido. Wallahi maganar motar ta zo har kan harshena, kuma na san in na faɗa an gama da shi. Na waiga. Yana zaune hannayensa a kan tebur, babban yatsansa ɗaure da tsumma, inda injin ya yanke shi a gonarmu. Ban san abin da yake yi a bayan makaranta ba, na dai san abin da ya yi a gonata. Na koma na zauna tun jan kati bai tashi ba. Misis Pokorny ta dubi agogo, ta dube ni, kamar na cuce ta.

Kada ki ɗauka ya bar ni na sha. Da ya tashi ya ce a sake ɗaga hannuwan nan, sannan wanda ya haura shekara arba'in ya sauke. Marlys, hannuwa uku suka rage a duk ɗakin. Ya ce shi ma yana son ginin, amma so ba ya haifar yara, ba ya kuma ɗumama aji. Ya zauna. Maganar ta soke ni, don gaskiya ce.

Gaylene ta ce na zubar da zaɓe da hannuna, ta daina gaishe ni. Talata za a jefa ƙuri'a. Abinci ma ba ya shiga.

Ƙanwarki,
Jolene


Tabor Creek
9 ga Nuwamba, 1986

Zuwa ga yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke. Na ci zaɓe, da ƙyar, kamar a ce gida biyu ne suka raba mu. Makaranta ta tsira, aƙalla bana. Na ɗauka zan yi tsalle, sai na tsinci kaina ina kallon hanyar gidan Vernon.

Dusar ƙanƙara ta sauka ranar Juma'a. Jiya da safe na ji tarakta, shi ne, yana share mana hanya kamar kowace shekara. Na ɗora kofi ban san ko zai shigo ba. Ya shigo, ya kakkaɓe takalmi, ya tsokani Arlen cewa ya ga alama kwanciyar ta karɓe shi. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani tsohon makulli a gabana. Na ce na mene ne. Ya ce na ɗakin tukunyar ɗumama makaranta.

Ashe tun da tsoho Emil mai kula da ginin ya rasu, hukuma ba ta iya ɗaukar wani ba. Mu duka mun ɗauka tukunyar na tashi da kanta ne. Vernon ne ke zuwa kowace asuba ta sanyi ya kunna ta, ya zauna a gabanta yana sauraro har ta daidaita, kafin yara su iso. Na ce me ya hana shi faɗa, ai da ya ci zaɓe.

"Ni manomi ne, ba ni da takardar izinin taɓa ta," ya ce. "Ranar da maganar ta fito a bainar jama'a, masu binciken jiha za su zo su ga tukunyar, su sa kwaɗo a ƙofa a tsakiyar zango. Ni so nake a rufe a mutunce, yara su gama shekararsu."

Na tuna kati rawaya, da Gaylene na murza sitiyari. Saura ƙiris in rufe makarantar da bakina, a gaban gari duka, ina tsammanin ceto nake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa daga waje nake ta ihu.

Ya ce har yanzu yana ganin na yi kuskure, kuma zai faɗa a duk inda aka tambaye shi. Ya ce in sami wanda ya san aikin, da kuma sabuwar tukunya, kafin baɗi, in zan iya, shi ya nema ya gaji. Kafin nan, daga Janairu kujera tawa ce, makullin ma nawa ne, don a tare suke tafiya.

"Ki zo Litinin tun da duhu in nuna miki," ya ce daga bakin ƙofa. "Ki sa tsofaffin kaya. Tukunyar tana tofi."

Sai da tarakta ta yi nisa sannan Arlen ya ce in ɗauki safar hannunsa ta fata, ta fi tawa kauri.

Makullin na nan a aljihun rigata, ina jin nauyinsa duk inda na juya. Gobe da asuba Gaylene za ta ga motoci biyu a bayan makaranta.

Ki ci gaba da yi mana addu'a, ni da tukunyar.

Taki har kullum,
Jolene