Tabkin da Hauwa ta ƙi yarda da shi

Daren Asabar, a Batha

Barci ya ƙi zuwa, ƙafar nan kuma sai zugi take yi.

Ɗazu aka kawo mini jikata Hauwa. Malamarsu ta ce kowa ya zo da labari kan sauyin yanayi, shi ne na yi kwana uku ina rubuta mata na wani ɗan masunci da tabkinsu ya yi ta janyewa, har kwalekwalen ubansa ya zama makwancin awaki. Tabkin garinmu ne, yaron kuma ni ne.

Na karanta mata tana saurare. Da na kai ƙarshe, sai bakina ya suɓuce, na rufe yadda kakata ke rufe tatsuniya: ba don Gizo ba da na yi ƙarya.

Ta tuntsire da dariya. "Kai, angona, ashe duk ƙarya ce! Ruwa mai yawa haka, ina zai tafi?"

Ina cikin rantse mata ubanta ya danna hon a waje, ta ruga.

Duk waɗanda muka yi iyo tare sun rasu, ba ni da shaida. In Hauwa ba ta yarda ba, tabkin nan ya ƙafe sau biyu.